Finafinan matasa masu fushi: a hana su ko a zauna a kalla tare?

A makon da ya gabata, cikin shirin dare da muke gabatarwa a gidan rediyo, inda masu saurare suke bugo waya, wani dattijo ya kira mu ransa a ɓace. Ya ce ya iske ɗansa da abokansa sun haɗa kai bisa salula guda suna kallon wani fim na Turawa, babu komi ciki sai zagi da bindiga da shan wiwi, kuma yana roƙon hukuma ta hana shigowar irin waɗannan finafinai cikin ƙasarmu. Yana aje waya sai ga wani saurayi daga wata fada ya kira, ya ce Baba ya yi haƙuri, shi ya san fim ɗin, kuma shi kaɗai ne ya taɓa gani wanda ya faɗi abin da ke cikin zuciyar matashin da ya tashi da safe bai san inda za shi ba. Da muka bi diddigi sai muka tarar La Haine ne, wato Ƙiyayya, fim ɗin Faransa na shekarar 1995. Lokacin shiri ya ƙare ba mu raba gardamar ba, shi ya sa muka kawo ta wannan shafi.

Abu na farko da za mu gaya wa dattijon nan da saurayin nan shi ne, gardamarsu ta girme su a fagen. Manyan masu sharhin silima na Paris da New York da Rio sun shekara talatin suna yin ta, kuma har gobe ba su daidaita ba. Akwai wani jinsin finafinai da ake yi ba tare da manyan kamfanoni ba, da kuɗi kaɗan, sau da yawa da yaran titi waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban kamara ba, kuma labarinsu guda ne: matasan da suka yanke ƙauna daga makaranta da aiki da hukuma, wasu ma har da iyayensu. Duk wanda ya fito, sai masu sharhi su rabu biyu. Wasu su ce madubi ne aka ɗaga wa al'umma, wasu su ce makarantar ta'asa ce aka buɗe, ana karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofa.

Mu fara da wanda ya jawo maganar. A watan Afrilu na 1993, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Makomé M'Bowolé, ɗan asalin Zayar, ya mutu cikin wata kwamisariya ta birnin Paris, harsashin ɗan sandan da yake yi masa tambayoyi ya same shi a kai. Wannan mutuwa ce ta sa Mathieu Kassovitz, wanda lokacin bai kai shekara 30 ba, ya zauna ya rubuta La Haine. Ya ɗauki fim ɗin baƙi da fari, a unguwar benayen talakawa ta Chanteloup-les-Vignes, bayan garin Paris. Abokai uku ne: Vinz Bayahude, Saïd Balarabe, Hubert baƙar fata. An kwana ana tarzoma a unguwarsu, abokinsu Abdel yana kwance asibiti rai hannun Allah bayan ya shiga hannun ƴan sanda, shi kuma Vinz ya tsinci bindigar da wani ɗan sanda ya yar cikin hargitsi, ya rantse in Abdel ya cika sai ya kashe ɗan sanda guda. Kamara ta bi su kusan awa 20, daga hantsi zuwa asubar washegari.

Fim ɗin ya samu kyautar gwanin tsara fim a bikin Cannes na 1995, ya samu César na fim mafi kyau a 1996, kuma sama da mutum miliyon 2 suka sayi tikiti a Faransa. Faraministan lokacin, Alain Juppé, ya sa an shirya wa ministoci kallo na musamman. Amma a Cannes ɗin nan, ƴan sandan da ke gadi sun juya wa masu fim ɗin baya don nuna fushinsu. Da tarzoma ta tashi a Noisy-le-Grand ƴan kwanaki bayan fitowarsa, wasu jaridu suka ɗora masa laifi. Akwai kuma suka ta uku, wadda ta fito daga wani ɓangare dabam: Kassovitz ɗan gidan masu silima ne, mahaifinsa mai tsara fim ne, bai tashi cikin benayen nan ba, saboda haka wasu suka ce ya zo yawon buɗe ido ne cikin wahalar mutane, ya gyara ta ta yi kyau ga idon ƴan boko na tsakiyar Paris.

To, game da zargin cewa fim ne ke hura wuta, mu muna ganin tarihi ya riga ya yanke hukunci. Ranar 27 ga watan Oktoba na 2005, yara biyu, Zyed Benna da Bouna Traoré, suka mutu a Clichy-sous-Bois, wutar lantarki ta kama su inda suka ɓoye suna gudun ƴan sanda. Aka yi sati uku ana ƙone-ƙone, dubban motoci suka zama toka, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci da wata doka ta 1955, ta zamanin yaƙin Aljeriya. Mu lokacin muna yara, a bakin rediyon gidanmu muka ji labarin. A watan Yuni na 2023 kuma ɗan sanda ya harbe Nahel Merzouk, shi ma ɗan shekara 17, a Nanterre, wuta ta sake tashi. Yawancin yaran da suka fito titi a 2023 ba a ma haife su ba sa'ad da La Haine ya fito. Wa zai ce fim baƙi da fari na zamanin iyayensu ne ya fito da su? Abin da ya fito da su shi ne abin da ya fito da na 1993: gawar yaro, da zaman banza, da jin cewa ƙasar da aka haife ka ciki tana kallonka kamar baƙo.

Amma fa kada saurayin fada ya yi saurin tafi, domin dattijo ma yana da gaskiyarsa. Kwaikwayo gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce yara ba su kwaikwayon abin da suka gani a fim, to bai taɓa zama bidiyo-kulob na dala biyar ba. Mu mun zauna, kuma mun san yadda muke fitowa muna tsalle muna harbin iska bayan fim ɗin karate. La Haine kansa ya san da haka: akwai wurin da Vinz ya tsaya gaban madubi, ya mai da yatsunsa bindiga, yana kwaikwayon Robert De Niro na cikin Taxi Driver na 1976. Wato mai fim ɗin da kansa yana nuna mana yaron da fim ya cika wa kai. Kuma ba sai mun je Faransa neman wannan darasi ba, domin silimar Nijar ta riga su. A 1958, cikin Moi, un noir na Jean Rouch, samarin Nijar ƴan ci-rani a unguwar Treichville ta Abijan sun raɗa wa kansu sunayen taurarin silima, Oumarou Ganda ya zama Edward G. Robinson. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, tare da Zalika Souley da Djingarey Maïga: wani saurayi ya komo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa malafa, suka hau dawaki, wasa ya rikiɗe ya zama ta'asa, suka addabi garinsu. Shekara kusan 60 ke nan da ɗan ƙasarmu ya yi tambayar da dattijon nan ya yi mana a waya.

Sai dai a lura da abin da ake kwaikwaya. Malafa ce, da tafiya, da suna, da yadda ake riƙe bindiga. Fim yana ba da riga, amma fushin da ke cikin rigar a gida aka saƙa shi. Yaron da ke da aji da zai shiga gobe da safe, ko gareji, ko shago, zai yi harbin iskarsa ya gaji ya je ya kwanta. Wanda ba shi da ko ɗaya, shi ne rigar ke zauna wa daram.

Kuma wanda ya kalli La Haine har ƙarshe ya san bindigar nan ba ta yi wa kowa rana ba. Da Vinz ya samu damar harbin mutum ido da ido, hannunsa ya kasa. Ya miƙa wa Hubert bindigar da asuba, kuma mintoci kaɗan bayan haka shi ne ke kwance matacce, bindigar wani ɗan sanda ta tashi bisa kuskure sa'ad da yake yi masa barazana. Babu jarumi, babu kiɗan nasara. Shi ya sa mu muke tare da masu yabon wannan fim.

Ba duka ne za mu tsaya wa haka ba. A shekarar nan ta 1995, a Amurka, wani mai ɗaukar hoto Larry Clark ya fitar da Kids, wanda wani yaro ɗan shekara 19, Harmony Korine, ya rubuta. Wuni guda ne cikin rayuwar wasu yaran New York, sha da duka da lalata, kuma babban cikinsu yana bin ƴan mata ƙanana bai san yana ɗauke da ƙwayar cutar sida ba. Hukumar tace finafinai ta can ta ba shi tambarin da ke hana yara shiga, sai masu rarraba shi suka kafa wani ƙaramin kamfani don su fitar da shi ba tambari. Janet Maslin ta jaridar New York Times ta ɗauke shi a matsayin ƙararrawar farkar da duniyar zamani. Rita Kempley ta Washington Post kuwa ta ce kusan batsa ce da yara aka lulluɓe da rigar gargaɗi. An kashe dalar Amurka miliyon ɗaya da rabi, an samu wajen miliyon 20 (dalar Amurka fa muke nufi, ba tamu ta bidiyo-kulob ba).

A nan mun fi kusa da masu suka. Mun kalli fim ɗin, kuma abin da ya dame mu ya wuce abin da yaran ke aikatawa. Yadda kamara ke daɗewa bisa jikinsu ne, kamar idon babban mutum da ke leƙe ta taga. Sa'an nan ga abin da ya biyo baya. Chloë Sevigny da Rosario Dawson sun zama taurari, amma Justin Pierce ya kashe kansa a 2000 yana ɗan shekara 25, Harold Hunter kuma ya rasu a 2006 yana da 31, hodar ibilis ta tsai da zuciyarsa. Ba mu ce fim ne ya kashe su ba, Allah ya kiyaye mu da faɗin abin da ba mu da shaida. Amma a 2021 an yi wani fim na gaskiya inda waɗanda suka rage daga cikinsu suka ba da labarin yadda aka biya su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka tafi Cannes da rayuwarsu, su kuma aka bar su inda aka same su. Masu sharhin 1995 duka biyu, mai yabo da mai zagi, sun shagala da tambayar ko fim ɗin zai ɓata ƴaƴan masu kallo. Ba su cika tambayar makomar ƴaƴan da ke cikin fim ɗin ba.

A Barazil ma haka aka yi da Cidade de Deus na Fernando Meirelles da Kátia Lund, a 2002, wanda ya kai ga takarar Oscar huɗu. Gwaninta kam ba a magana, kuma wurin da aka tilasta wa wani yaro ya zaɓi wanda zai harbe cikin yara biyu ƙanana ba ya fita zuciyar wanda ya gani. Amma wata malamar jami'a, Ivana Bentes, ta kira irin wannan salo kwalliyar yunwa, tana mai tuni da Glauber Rocha wanda a 1965 ya nemi silimar da za ta nuna yunwa da muninta. MV Bill, mawaƙin rap ɗan unguwar ta Cidade de Deus, ya yi kukan cewa fim ɗin ya ƙara shafa wa unguwarsu baƙin fenti, alhali mafi yawan mazaunanta masu neman na kansu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka mu ma'auninmu ba yawan jini ba ne. In da jini ake aunawa, finafinan Amurka da na Indiya da na Sin da ake kallo kullum cikin gidajenmu, inda jarumi ke kashe mutum hamsin bai ko yi gumi ba, su ya kamata a fara kamawa, kuma ba mu taɓa jin wani ya bugo waya a kansu ba. Abin da muke dubawa shi ne, in an kai duka cikin fim, mai kallo zafi yake ji ko daɗi? Wanda ya riƙe kamara, zai iya komawa unguwar ya zauna a kalla tare da shi? Kuma bayan an kwashe fitilu an tafi, me ya rage wa mutanen wurin? Ladj Ly, wanda ya yi Les Misérables a 2019 ya kuma samu kyautar alƙalai a Cannes, a Montfermeil ya girma, can ya ɗauki fim ɗinsa, can kuma ya buɗe makarantar koyon silima kyauta. Wannan ya amsa tambayar da aka yi wa Kassovitz.

Yanzu mu komo gida, domin maganar ta iso mu. A 2021 Aïcha Macky, ƴar Damagaram wadda ta karanci ilimin zamantakewa, ta fitar da Zinder, fim na gaskiya ba na wasa ba, cikin harshen Hausa, kuma an nuna shi a FESPACO ta Wagadugu a shekarar. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da tun da can aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi, ta zauna da ƴan palais, ƙungiyoyin samarin nan da kowa a Damagaram ya san labarinsu. Mun ga masu ɗaga ƙarfe da suka raɗa wa palais ɗinsu suna Hitler, suna yawo da tutarsa, a zatonsu wani barde ne na Amurka da ba a cin shi da yaƙi. Mun ga shugabansu yana fafutukar mai da ƙungiyar kamfanin gadi don yaransa su samu abin yi. Mun ga tsohon shugaban palais da ya koma kabu-kabu, abin da hannunsa ya aikata yana hana shi barci. Mun ga masu fasa-ƙwabrin esans daga iyakar Najeriya, suna wasa da wuta don abin sa wa baka.

Duk sa'ad da sunan fim ɗin nan ya faɗo cikin shirinmu, masu saurare kan rabu kamar yadda na Paris da na Rio suka rabu. Wasu su ce ta yi jihadi, ta nuna abin da manya ke kau da kai daga gare shi. Wasu su ce don me za a ɗauki sunan birnin sarauta da malamai a liƙa wa fim ɗin ƴan ta'adda, a kai wa Turawa su kalla? Wannan kuka mun fahimce shi, kukan MV Bill ne, kuma da an tambaye mu da mun ce a sa masa suna Kara-Kara. Amma in muka ɗora shi bisa ma'aunin da muka faɗa, fim ɗin ya tsallake. Babu inda aka mai da sara abin sha'awa. Tabo muka gani, da kurkuku, da nadama, da mutane masu neman hanyar fita. Kuma tutar Hitler ɗin nan, da ta fi komi ɗaga hankalin baƙi, mu abin da ta nuna mana shi ne samarin da ba su taɓa zama ajin tarihi ba. Kunyar wannan ba tasu ba ce su kaɗai, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai abu guda da masu sharhin Turai ba su lissafa ba, wanda mu nan dole mu lissafa. Su suna magana ne kan mutumin da ya sayi tikiti, ya zauna cikin duhu awa ɗaya da rabi, yana jin harshen, ya ga ƙarshe. Ɗan dattijon nan kuwa, mai yiwuwa gutsure ya gani na minti biyu da aka turo masa ta WhatsApp ko TikTok, an ɗora masa kiɗa, an yanke asubar da Vinz ya faɗi. Faransancin unguwannin Paris, da suke juya kalmomi baya-gaba, ko mu masu bak sai mun kasa kunne da kyau. In aka cire magana aka cire ƙarshe, abin da ya saura shi ne saurayi da bindiga gaban madubi, wato daidai abin da fim ɗin ya zo ya yi wa dariya. A wannan hali dattijo ya fi Janet Maslin gaskiya.

Amma hani ba zai kai mu ko'ina ba. Zamanin da hukuma ke iya rufe gidan silima ko ta kwashe kaset ya wuce, yau fim yana cikin aljihun yaro, kuma in aka ce an hana, cikakken ne zai ɓace, gutsuren ya ci gaba da yawo. Abin da muke roƙo ga masu kula da gidajen matasa da al'adu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da malaman lise, da shugabannin fada, shi ne a riƙa nuna irin waɗannan finafinai cikakku, ga waɗanda shekarunsu suka kai, da mai fassara, kuma kada a watse sai an yi muhawara. A fara da namu, na Moustapha Alassane da na Aïcha Macky, a gayyaci kwamishinan ƴan sanda da mai unguwa da limami su zauna sahun gaba. Kids kam mu ba za mu sa shi cikin jerin ba, kuma masu bidiyo-kulob da ke barin yaro ɗan shekara takwas ya shiga kowane irin fim saboda dala biyar, su ma a yi magana da su.

Mun sake kiran dattijon da saurayin bayan shiri. Mun roƙe su su zauna su kalli La Haine tare daga farko har ƙarshe, mu za mu fassara, sa'an nan su zo gidan rediyo ranar shiri mai zuwa kowa ya faɗi abin da ya gani. Saurayin ya amsa nan take. Dattijon ya yi shiru, ya ce ya yarda, da sharaɗin a tsakar gidansa za a yi, a fitar da ƙananan yara, kuma ɗansa ya zauna kusa da shi.